Yadda Za Mu Sa Ƙananan Yara Su So Labari

Darasi domin malaman ƙananan azuzuwa, da masu koyarwa a makarantar Lahadi, da iyaye mata

Mun sha tsayawa a bakin tagar aji ɗaya muna kallo. Malam yana riƙe da littafi, ya karanta layi guda, yara su maimaita da ƙarfi, ya karanta na biyu, su maimaita, har ƙarshen shafi. Muryarsu kam tana kai wa bakin hanya. Amma in aka tambaye su, "Wa ya ci bashi cikin labarin nan?" sai aji ya yi tsit. Bakinsu ya yi aiki, labarin kuwa bai shige su ba.

Yaran nan su ne da dare za ka tarar sun kewaye kakarsu a tsakar gida. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa, "Ta zo mu ji ta." In ta kai wurin waƙa, su karɓa mata. In ta tsallake wani wuri, su tuna mata. Gobe kuma za ka ji su suna ba ƙannensu labarin, ba su bar ko kalma ba. Me ya kawo wannan bambanci? A wurin kaka yaro yana da nasa aikin yi cikin labarin. A aji kuwa an maishe shi kamar bango, murya ta buga ta komo. Wannan shi ne tushen darasinmu: yaro ya kan so labarin da aka ba shi rabo a ciki. Bari mu duba yadda malami a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi zai yi wannan ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

1. GADON DA MU KE DA SHI

Kada kowa ya ce ba shi da labarin da zai bayar. Ƙasarmu tana da arzikin tatsuniya, wadda a nan yamma a kan ce mata gatana. Daga 1911 zuwa 1913 aka buga tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara, littafi uku, da yawa daga cikinsu kuwa malaman lardin Sakkwato ne suka rubuta su, ƙasar Zamfara tana cikin lardin a lokacin. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fara fitowa a 1937. Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya shirya wa 'yan makaranta Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida. Wanda bai sami ko ɗaya cikin waɗannan ba, ai akwai tsohuwa a unguwarsu. Ya je ya gaishe ta, ya zauna ya koya.

Haka kuma wasa da 'yar tsana ba baƙon abu ba ne. 'Yan matanmu tun dā su kan yi 'yar tsana da kara ko ƙashi, su yi mata kitso, su goya ta, har su yi mata aure. Samari su kan gina shanu da laka, su yi doki da mota na kara. Akwai kuma wasan manya da a ke kira dabo-dabo, wanda Hausawan Nijar su ke ce wa 'yan tsanansa ɗiyan dabo. Mai wasan ya kan kafa sanda, ya rufa babbar riga a kai, ya shige ƙarƙashi, sa'an nan ya riƙa fito da 'yan tsana ta wuyan rigar suna magana, suna faɗa, suna rawa. Ya kan sa ɗan abin busa na ɓawon ƙwan jimina a baki domin muryarsa ta sāke, wani abokinsa kuma yana waje yana amsa wa 'yan tsanan. Turawa biyu sun ga wasan a Barno sun rubuta labarinsa, Alexander a 1910, Ellison kuma a 1935.

A zamaninmu an sāke ɗaukar dabarar. A 2011 gidan talabijin na NTA ya fara nuna shirin Sesame Square, inda 'yan tsana biyu, Kami da Zobi, su ke koya wa yara baƙaƙe da ƙirga da tsabta. A 2015 kuma aka fara shirin RANA a jihohin Katsina da Zamfara, da taimakon UNICEF, domin koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa, cikin aikin kuwa har da malami ya karanta wa yara labari da babbar murya, ya yi musu tambayoyi. Mun kawo waɗannan domin mu nuna abu guda: kaka, da mai dabo-dabo, da masanan ilmi na yau, duka hanya ɗaya suka bi.

2. ZAƁEN LABARI

Labarin ƙananan yara ya zama gajere, wanda za a gama cikin minti biyar ko bakwai. Masu magana a ciki kada su wuce uku ko huɗu. Ya zama kuma da abin da a ke maimaitawa, gama maimaici shi ne ƙofar da yaro ke shiga ta ciki.

Za mu ɗauki tatsuniyar Gizo da Giwa da Dorina ta zama mana misali. An yi yunwa. Gizo ya tafi wurin Giwa ya ce, Dorina ce ta aiko shi, tana son hatsi, in kaka ta yi za ta biya da babban doki. Giwa ta bayar. Ya tafi bakin gulbi ya gaya wa Dorina, Giwa tana son kifi, za ta biya da babban doki. Dorina ta bayar. Gizo da Ƙoƙi matarsa suka ci suka ƙoshi. Da kaka ta yi aka nemi doki, sai Gizo ya samo doguwar igiya, ya miƙa wa Giwa baki guda, ya miƙa wa Dorina ɗaya bakin, ya ce wa ko wace, "Dokinki yana can ɗaure, sai ki ja." Suka wuni suna jan juna, ko wace tana mamakin ƙarfin dokin nan. Da suka gaji suka bi igiya, suka gamu a tsakiya, asirin Gizo ya tonu, ya gudu ya ɓuya.

Ku lura da abin da labarin nan ya ƙunsa. Tafiya biyu ce iri ɗaya, magana ɗaya sau biyu. Yaro da ya ji ta fari zai iya faɗin ta biyu da kansa. Akwai igiya da za a ja. Akwai kuma abin tunani, watau cin bashi da ƙarya.

3. YADDA A KE HAƊA 'YAN TSANA

Bayan girbin dawa da gero kara yana ko ina. Ga abin da a ke bukata: kara, da tsumma, da zare, da gawayi, da alli, da ƙaro ko kunun rogo domin liƙi.

Gizo: a sami ƙodagon goruba, a liƙa masa ƙafafu takwas na tsinken tsintsiya, a yi masa ido da alli, a ɗaura shi a kan sillen kara. Yara su ƙirga ƙafafun da kansu.

Giwa: a kifa tsohon ludayi. Kan ludayin shi ne kan giwa, mariƙinsa kuma hannunta. A liƙa kunnuwa na kwali ko busasshen ganye, a yi haure biyu da totuwar kara.

Dorina: tsohuwar safa ta isa. A sa hannu a ciki, yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa, baki ya samu ke nan. A ɗinka maɓalli biyu su zama ido.

Wurin wasa: a ɗaura zane tsakanin kujeru biyu, ko a jingina tabarma a jikin benci, masu wasa su durƙusa a baya. Inda babu aji, inuwar dalbejiya da zana guda sun wadatar.

Wuƙa da allura su zauna a hannun malami kaɗai. Kada a ba yaro abin sāke murya irin na mai dabo-dabo ya sa a baki, gama yana iya haɗiye shi ya shaƙe. Malami ya sāke murya da maƙogwaronsa: Giwa da kauri a hankali, Dorina kamar mai kumburin kunci, Gizo da tsamin bakinsa da kowa ya sani. Kada kuma a damu da kyau. Giwar da yaro ya haɗa da hannunsa, ko kunnenta guda ya fi guda, ta fi masa wadda aka sayo daga kanti.

4. AIKIN MAKO GUDA

Labari ɗaya ya isa mako guda, minti goma sha biyar ko ashirin ko wace rana.

Rana ta fari, a ba da labari. Malami ya koyi labarin da ka tun a gida, ya ajiye littafi, ya zauna kusa da yara yadda zai ga idanunsu. Kafin ya fara ya fito da igiya ya tambaya, "Me a ke yi da wannan?" Ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," ya jira su amsa. Sa'ad da Gizo ya miƙa igiya, malami ya tsaya ya ce, "To, me ku ke tsammani zai faru?" Ya karɓi amsa uku ko huɗu, kada ya ce wa kowa ya yi kuskure, sa'an nan ya ci gaba.

Rana ta biyu, yara su mayar da labarin. A ajiye duwatsu huɗu a ƙasa: na fari yunwa, na biyu cin bashi, na uku jan igiya, na huɗu tonon asiri. Yaro ya taka dutse ya faɗi abin da ya faru a wurin, wani ya taka na gaba. In malami ya musanya biyu da gangan, zai ga yadda za su tashi su gyara masa. Da haka su ke koyon cewa labari yana da fari da tsakiya da ƙarshe.

Rana ta uku, a haɗa 'yan tsana. A raba aji ƙungiya ƙungiya, ko wace da dabbarta. In yara sun yi yawa ƙwarai, a roƙo manyan 'yan aji biyar ko shida su zo su taimaka.

Rana ta huɗu, a shiga baƙaƙe. A rubuta sunayen a allo, a rarraba su gaɓa gaɓa: Gi-zo, Gi-wa, i-gi-ya. Yara su nemo gaɓar da ta fito sau uku. Sa'an nan Do-ri-na da do-ki. Su tafa hannu sau ɗaya ga ko wace gaɓa, su zana "gi" da "do" da yatsa a rairayi. A ɗaga 'yar tsana, yaro ya je ya taɓa sunanta a allo. Kalma biyar ne kaɗai, amma kalmomi ne da yaro ya riga ya ƙaunace su, ba za su zube masa da sauri ba. Gizo kuma yana iya karanta kalma a karkace domin yara su gyara masa. Yaron da ke tsoron yin kuskure gaban malam ba ya tsoron gyara wa Gizo.

Rana ta biyar, a yi wasa. Yara uku su shiga bayan zane. Sauran aji kada su zama 'yan kallo kawai: rabi jama'ar Giwa ne, rabi jama'ar Dorina, suna kirari suna ƙarfafa tasu. Daga baya a fita fili a ja igiya da gaske. In an huta sai a zauna a yi tambaya: "Da kai ne Giwa, yaya za ka ji? Gizo yana jin yunwa, gaskiya ne. Da wace hanya kuma zai bi ban da ƙarya? Gobe in ya sāke zuwa roƙo, wa zai ba shi?" A bar yara su kai ga amsa da ƙafarsu. Doguwar nasiha a ƙarshen labari kamar zuba ruwa ne a miyar da ta riga ta yi daɗi.

Malami ya dubi garinsu ya shirya kwanakin. A Shinkafi kasuwa ran Alhamis ta ke ci, a kan kuwa aiki yara da yawa a ranar. Kada a sa babban wasa ran nan. A Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta tuƙe tun 1929, ana iya jera yara su zama jirgi, ko wane tarago ya faɗi yanki guda na labarin. Yaran da ke kusa da gulbin Gagare ko Bunsuru sun san laka. Su gina dabbobin da ita su shanya.

5. YARON DA YA YI SHIRU

A nan ne maganar ta fi nauyi. Dukanmu mun san abin da ƙasar nan ta sha a hannun 'yan bindiga. A watan Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, a farkon Satumba na shekarar kuma aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, har gwamnatin jiha ta rufe makarantu. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma cikin garuruwa. 'Ya'yansu suna cikin azuzuwanmu. Waɗansu sun yi shekara ko fi ba su ga allo ba. Waɗansu sun ga abin da bai kamata ido ya gani ba.

Irin wannan yaro ya kan zauna a baya, ba ya wasa, ba ya amsa tambaya, in ƙofa ta buga sai ya zabura. Malamin da bai gane ba ya kan ce masa daƙiƙi, ko ya ɗauko bulala. Wannan ƙara ciwo ne a kan ciwo. Abin da muka gani shi ne, sau da yawa yaron da ba ya iya duban babba ya yi magana ya kan iya yi wa 'yar tsana magana. Bayan zane kuma ba mai ganin fuskarsa. In murya ta fito, ta Giwa ce, in an yi dariya, Giwa aka yi wa. Sabo da haka a bi da shi a hankali. Da fari a ba shi riƙon igiya kawai. Wani mako ya riƙe Dorina ba tare da magana ba. Wata rana Gizo ya gaishe shi da sunansa. In ya amsa, kada a yi ta tafi ana nuna shi. A ci gaba kamar ba kome.

Ga dokoki huɗu da ya wajaba mu kiyaye.

Na ɗaya, a bar tatsuniyar da Dodo ke cinye yara, ko wadda a ke kai wa gari hari da dare, ko a ke sace wani. Kada a yi bindiga ko ta kara ce.

Na biyu, labari ya ƙare lafiya, ya kuma ƙare yadda ya saba. Yaron da duniyarsa ta birkice yana samun kwanciyar rai in ya san abin da ke zuwa. Domin wannan in suka ce a sāke labarin jiya, a sāke.

Na uku, kada a tilasta wa yaro ya faɗi abin da ya same su. In shi da kansa ya sa maganar a bakin 'yar tsana, a saurara, kada a katse shi, kada kuma a yi ta tonawa.

Na huɗu, abin da yaro ya faɗa ba na hira ba ne. A wannan zamani magana tana iya jawo wa gida duka masifa. Malami ya je wurin uwar ko mai riƙon yaron a keɓe. In yaro ya daina ci ko barci, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya. 'Yar tsana tana buɗe baki, amma ba ta maye gurbin magani.

6. MASU ƘIN ABIN

Za a sami uban da zai ce, "Na aiko ɗana karatu, ba wasa ba." Kada a yi masa gardama. A gayyace shi ran wasa, yaron ya je allo ya nuna masa "gi" da "do". Gani ya kori ji.

Wani zai ce, dabo ai rufa ido ne, 'yar tsana kuma gunki ce. Wannan damuwa ce ta gaskiya ga Kirista da Musulmi duka, kada mu raina ta. Mai dabo-dabo yana ɓoye hannunsa domin mutane su yi mamaki. Mu kuwa muna nuna namu. Yara su ne suka haɗa abin da ludayi da safa, sun san muryar malam ce, in an gama kuma a kan zuba su cikin kwando. Inda iyaye ba su yarda da mai siffar mutum ba, a tsaya kan dabbobi.

Ga masu koyarwa a makarantar Lahadi muna ƙara kalma guda. Hanyar nan ta dace da misalai irin na ɓatacciyar tunkiya cikin Luka sura 15, inda yara za su yi tumaki da totuwa da auduga, su ɓoye guda, su nemo ta. Amma a bambanta musu sarai: tatsuniya a buɗe ta da buɗinta, a rufe da "Ƙurungus," labarin Littafi kuwa a buɗe Littafin a gabansu. Kada Gizo ya shiga cikinsa, kada kuma a yi 'yar tsana a ce ita ce Ubangiji.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa na malami ne da kansa. Wani in ya ga yara suna dariya sai daɗi ya kwashe shi, ya riƙe 'yan tsana shi kaɗai daga fari har ƙarshe. Aji ya koma kallo, mun komo inda muka fito ke nan. Ga ma'aunin da za mu auna kanmu da shi: ran Jumma'a, bakin wa ya fi motsi, na malami ko na yara?

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa yaro ya kan riƙe tatsuniyar kakarsa, ya manta da abin da ya maimaita a aji?
2. Waɗanne abubuwa uku za mu duba wajen zaɓen labari?
3. Ku kawo tatsuniya biyu na garinku da suka dace da ƙanana, da guda wadda ba ta dace da wannan lokaci ba. Don me?
4. In yaro ya faɗi wani abu mai nauyi ta bakin 'yar tsana, me za ku yi? Me kuma ba za ku yi ba?

AIKIN WANNAN WATA

Ko wane mai karatu ya je wurin wata tsohuwa ya koyo tatsuniya guda da ka. Ya haɗa 'yan tsana biyu tare da yara, na aji ko na gida. Sa'an nan ya lura da yaro guda wanda ba ya magana, ya ba shi riƙon igiya. In kun taru a ƙarshen wata, kowa ya zo da 'yar tsanarsa, ya faɗa wa 'yan'uwa abin da ya gani.